Talata, ni da ƙwaron mangwaro

Ruwan daren jiya ya kwanta a layin dashen da ke gangare, don haka da safe can na fara nufa. Wata uku nan da nake aikin sanin makama a gandun renon itatuwa a bayan garin Ibadan ban taɓa ganin irin wannan ba, jikin 'yan mangwaro duk wasu fararen abubuwa sun tsattsago kamar tsinken sakace, kana taɓawa sai su marmashe su zama gari. Baba mai ban ruwa ya leƙo ya ce gara ce ɗana. Na ce Baba ai gara da ƙasa take gini, wannan kuwa garin itace ne zalla, kuma ga 'yar huda nan ƙarƙashin kowane tsinke.

Na tsaga reshe ɗaya da wuƙa. Ramin ya shige har cikin itacen, bangonsa ya yi baƙi, ga ƙwaron nan a ciki bai kai milimita 3 ba, ja mai duhu. Irin waɗanda ake kira ambrosia ne, kuma abin da ya fi burge ni da su shi ne ba itacen suke ci ba, noma suke yi wallahi, macen tana tafe da irin funfuna a wata 'yar jaka a jikinta, ta haƙa rami ta shuka, ita da 'ya'yanta funfunar suke ci, shi ya sa take turo garin waje tunda ba ta da amfani da shi.

Sanin dangin ba wuya, wane ne a cikinsu shi ne aikin, don ƙwarin wannan dangi da ake kira Scolytinae duk kama suke yi. Na jefa su cikin sifirit na ɗauko gilashin ƙara girma. Ta baya ake gane su, inda fikafikan suka gangaro. Xyleborus ferrugineus siriri ne, yana da ƙaya biyu fitattu a wurin, nawa babu. Xylosandrus compactus, wanda ya addabi manoman kofi a Yuganda, baƙi ne mai sheƙi, bai kai milimita 2 ba kuma ƙananan rassa yake bi. Nawa gajere ne kakkaura, gangaren bayan ya dushe ba sheƙi, da ƙananan ƙuraje birjik. Na juya shi rigingine, gindin ƙafafun gaba a ware suke, alamar Xylosandrus ke nan. To Xylosandrus crassiusculus ne dai, ɗan asalin Asiya, ya daɗe a Afirka, a 1974 aka fara ganinsa a Amurka.

Duk wanda na kama mace ce, ba mamaki, mazan kaɗan ne kuma ba sa tashi, a cikin ramin suke barbarar 'yan uwansu.

Oga ya ce a yi feshi gobe. Ni dai a ganina asarar magani ce, wanda ya riga ya shige ciki feshi ba ya kai masa. Itacen da ruwa ya kwanta wa yana fitar da ethanol, wato sinadarin barasa, warin nan suke bi, gara a haƙa magudana. Na rataye gorar roba da sifirit a ciki a matsayin tarko.

Da yamma muka sare waɗanda suka kamu. Baba ya so ya kai gida a yi girki, na roƙe shi ya bari mu ƙona a nan don in an jibge su sabbi za su fito su bazu. Ya yarda amma sai da na saya masa goro.