Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gyambon Ƙafar Mai Ciwon Suga

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda aiki ya mayar da ni ɗakin wankin ciwo. Wannan makon zan jingine labarin, in yi bayanin ciwon da ya fi kowanne cin lokacinmu a ɗakin, domin abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Gyambon ƙafar mai suga ƙaramin abu ne ke buɗe shi: ƙaya, ƙusa, takalmin da ya matse, fason hunturu, ko kaskon garwashin da aka miƙa ƙafa kusa da shi. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum ya wuni yana taka rauni bai sani ba. Yakan kuma ƙuntata hanyoyin jini, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa “ai ba ya min zafi” ba albishir ba ne a wurinmu.

Kafin a taɓa ciwon, jini ake fara dubawa. Ana lalubo bugunsa a wuri biyu, a gadon ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki. Inda akwai na'ura, a auna ƙarfin jinin idon sawu a raba da na hannu. In lissafin ya gaza 0.9, jini ba ya isa yadda ya kamata. Ƙafa mai sanyi, mai sheƙi, wadda gashinta ya zube, likitan hanyoyin jini take bukata, don duk wankin duniya ba zai haɗe naman da jini ba ya kai masa ba. Irin wannan ƙafa ba a kankare ta da gaggawa. Baƙin ɓawon da ya bushe a dunduniya, muddin ba ya ruwa ba ya wari, a bar shi a bushe har a gyara jinin.

Sai batun ƙwayoyin cuta. Alamominsu ja, kumburi, ɗumi, raɗaɗi da mugunya. Biyu daga ciki sun isa. Akan zagaye iyakar jan da biro don a ga ko yana yaɗuwa, kuma in ya haura santimita 2 daga bakin ciwon, ko zazzaɓi ya shigo, maganar ta wuce kemis. Ana zura ɗan siririn ƙarfe mai tsabta a ji zurfin ramin. Idan ya taɓo ƙashi, akwai yiwuwar cutar ta kai can, ko da hoton ƙashi (X-ray) na farko ya fito lafiya, domin ɓarnar ƙashi takan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta bayyana a hoto. Cutar nama takan ci maganin mako ɗaya zuwa biyu, ta ƙashi kuwa kusan mako shida in ba a cire ƙashin ba. Ciwon da babu waɗannan alamomi ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan.

Idan jini na gudana, sai a yanke mataccen nama da kantar da ta zagaye ciwon da wuƙar tiyata, har a iso nama mai rai. Ramin zai fi da girma, kuma nan ne 'yan uwa kan tayar da hankali. Gaskiyar girmansa ce ta fito, da ma kanta ce ta rufe shi. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na reza a gida ba.

Wanki da ruwan gishirin asibiti ake yi, mai giram 9 na gishiri a lita guda. A gida za a iya tafasa lita ɗaya da cokalin shayi ɗaya da rabi na gishiri, a bari ya huce, a haɗa sabo kullum. Toka, garin kafso, ruwan zafi da magunguna masu kumfa ko raɗaɗi suna ƙona sabon naman da ke tsirowa. Jiƙa ƙafa a roba ma ɓarna ce, fata take ruɓarwa. Abin da ake so ciwon ya zauna da danshi kaɗan, gefensa a bushe, a sauya bandeji da zarar ya jiƙe.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, kuma shi ne ya fi damuna. Ciwon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi. Naman da ya tsiro cikin kwana uku, zuwa kasuwa sau ɗaya ya isa ya murƙushe shi. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu cutar kuturta a Vellore ta ƙasar Indiya kafin ya koma Carville a Amurka a 1966, shi ya yaɗa dabarar naɗe ƙafa da simintin ɗori irin na karaya, wanda ke bin siffar ƙafar har ƙasan gwiwa, ya raba nauyi ya ɗauke shi daga kan ramin. Ana sauya shi duk mako, kuma ciwon da ke da isasshen jini yakan rufe cikin mako shida zuwa takwas. Sirrinsa ɗaya ne: majinyaci ba zai iya cire shi ba. Amma ba a sa shi a ƙafar da cuta ta yi tsanani ko jini ya yi ƙaranci sosai. Inda babu mai iya naɗa shi, a nemi takalmin asibiti mai cirewa, ko a yanka soso mai kauri a huda daidai ramin, a haɗa da sandar dogarawa. Silifa ba ta ɗauke nauyin komai.

Duk mako a auna tsawo da faɗi a rubuta. In mako huɗu suka cika ciwon bai ragu da rabi ba, kada a yi ta sauya man shafawa. A koma a sake duba jini, ƙashi, yawan takawa da sugan kansa. Sau da yawa sai an koma allurar insulin na wani lokaci. Mai shan taba ya daina, a kuma ƙara wake, ƙwai da kifi, don da su jiki ke gina nama.

Rufewar ciwo ba sallama ba ce, domin kusan mutum 40 cikin 100 yakan dawo musu cikin shekara guda. Kullum a duba tafin ƙafa da madubi, ko wani na gida ya duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa man kaɗanya a dunduniya, ban da tsakanin yatsun. A zazzage takalmi kafin a sa, kada a taka dandamalin masallaci da rana tsaka ba safa, kuma mata su rage lalle a ƙafar, don yana ɓoye sauyin launi. Yatsan da ya yi baƙi, ko wari, ko ƙafar da ta kumbura ta yi zafi ba rauni, ranar ake zuwa asibiti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun yanke ƙafa da yadda ake yanke shawararsa.