Sana'ar juyar da tsofaffin kaset a Kano

Na fara wannan sana'a ne ina yaron shago a kasuwar Ƙofar Wambai, a zamanin da dillalan kaset suke da ta cewa a kan kowace waƙa da za ta fita daga Kano. Aikina a lokacin shi ne in jera rikodoji, in saka kaset na asali a ɗaya, sauran kuma su yi ta kwafa har dare, sannan da safe a liƙa takarda a ɗaure dozin-dozin. Yau ina da ƙaramin sitidiyo a wajen Zoo Road, ni da yara biyu, muna ɗaukar waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo, amma aikin da ya fi cin lokacina shi ne juyar da tsofaffin faifai da kaset zuwa kwamfuta.

Wanda ya jawo ni cikin wannan ɓangare wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin rediyo, bayan ya shafe shekaru yana gabatar da shirin gaishe-gaishe da kiɗan gargajiya. Ya zo mini da buhu biyu a bayan a-daidaita-sahu, cike da kaset, kowanne da rubutun hannunsa a jiki: sunan makaɗi, garin da aka yi wasan, wani lokaci har da sunan mai bikin. A ciki akwai Mamman Shata da 'yan kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da kukumar Garba Supa, da gurmin Haruna Uji, da amadar Barmani Coge. Na ce masa, Baba, ai waɗannan gidan rediyo ne ya kamata ya adana su. Sai ya yi murmushi, ya bayyana mini cewa a tashar da ya yi aiki, idan sabon zaren ɗaukar sauti ya ƙare, a kan tsohon ake ɗora sabon shiri, saboda haka abin da ya tsira shi ne wanda ma'aikaci ya kwafa ya kai gida.

A wajensa na fahimci yadda lamarin ya faro. Tun daga 1962, da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, makaɗi ba ya cika shahara sai muryarsa ta fita ta can, kuma mai gabatarwa shi ne yake bin su har gida ko wajen biki da na'ura a kafaɗa. Kamfanoni irin su EMI sun buga wa Shata faifan garmaho, amma kaset ne ya kai waƙa hannun direba da mai shayi. Fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda kasuwarsa ta soma da Turmin Danya a 1990, shi ya kawo fiyano, har ta kai mutum ɗaya a ɗaki yana haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa da 'yan amshi. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da kunnen matasa yake komawa ga sabon sautin, kuma da aka buɗe Freedom Radio a 2003 mawaƙan sitidiyo suka ƙara samun inda za a ji su.

Aikin kansa na haƙuri ne, domin kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 cur, ba a gaggauta shi. Kafin in saka shi, nakan juya zaren da biro in ga ko ya manne, in goge kan rikoda da auduga, idan kuma zaren ya tsinke in haɗa bakin biyu da siririn salatif. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiya, sai a tayar da janareto a koma farko. Yarana suna son su share duk wani ƙugi da kwamfuta, ni kuwa ina hana su wuce gona da iri, saboda garin share ƙugin ake kashe zaƙin kalangu, a kuma shafe guɗar mata da muryar maroƙi da ke bayan waƙar.

Riba ba ta taka kara ta karya ba, tunda masu tura waƙa a waya sun saba wa mutane da samun ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Masu biyana da daraja su ne iyalan da aka yi wa kakansu waƙa, da ɗaliban jami'a masu bincike. Buhun Baba na farko mun gama shi, na biyun kuwa mun ci rabi, kuma duk ranar Asabar yakan zo ya zauna kusa da sifika, yana gyara mini sunayen da na rubuta ba daidai ba.