Kafin ku sayi wuƙar shiga daji

Ƙannena, wuƙa uku na ɓata kafin in gane abin da zan faɗa muku, kuma ba na so ku bi ta inda na bi.

Ta farko a kasuwa na saye ta don ƙyallinta. Mai ita ya ce ba ta tsatsa, kuma gaskiya ya faɗa: ƙarfen da aka zuba wa sinadarin kuromiyam kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye yana jure ruwa. Abin da ban duba ba shi ne wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Ranar da na ɗora ta kan itace ina bugun bayanta don in faskara na hura wuta, sai ruwan wuƙar ya fita ya bar ni da roba a hannu. Wutsiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Tun daga ranar nake neman wadda ƙarfenta ya ratsa ƙotar har ƙarshe, aka ɗaure shi da ƙusoshi biyu ko uku. In ba ku ga ƙarfen ba, ku tambaya, kada kunya ta hana ku.

Ta biyu maƙeri ne ya ƙera mini daga sifirin mota, kuma har yau ita ce ke min ciwo. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi sosai, in ya dakushe kuwa 'yan goge-goge a dutse sun isa ya dawo. Amma ruwa ne abokin gabarsa. Da damina na yanka lemun tsami da ita, na mayar cikin kuben fata da ruwan sama ya jiƙa, na rataye ta kwana shida. Da na zaro, tsatsa ta ci bakin har ya yi ramuka. Fata tana shan laima ta riƙe, ruwan tsami kuma yana hanzarta tsatsa, ni kuwa na haɗa mata duka biyun. Da na goge ta da tsumma, na shafa mata ɗan man kaɗe, na bar kuben ya sha iska, da yanzu tana hannuna. In kun ga ƙarfen ya yi duhu-duhu da amfani, ku ƙyale shi, wannan ba cuta ba ce, har yana ɗan kare shi. Jar tsatsa ita ce abin gudu.

Ƙota kuwa, hunturu ne ke tona asirinta. Ta ukun ɗanyen itace aka sa mata. Da iska ta buso sai ya tsuke, ya tsage, ƙarfe ya riƙa girgiɗi. Wani ya ce in jiƙa ta a ruwa ta kwana. Ta kumbura ta kama, na ji daɗi, bayan kwana biyu ta bushe ta fi da sakewa. Ku nemi busasshen itace mai tauri irin su ƙirya ko marke, waɗanda manoma suka daɗe da sanin ƙarkonsu, ku riƙa shayar da shi mai. Ƙaho yana da kyau a ido, sai dai yana santsi in hannu ya jiƙe da gumi ko jinin fiɗa, kuma santsi a nan yana nufin yankan yatsa nesa da asibiti. Roba mai kaushi ba ruwanta da damina, amma kada ku ajiye ta bakin murhu.

Wanda zai yi aiki a fadama ko bakin kogi, ya ɗauki marar tsatsa mai ƙotar roba. Ni yanzu na koma wurin maƙeri, na tsaya a kansa har ya sa ƙota, kuma ƙullin man kaɗe ba ya barin jakata.