Allurar da Na Ɓoye a Bayan Kullun Koko

Ƙannena, ni na sha maganin ƙiba, na kuma yi na rama, duka biyun saboda bakin mutane. Saura wata biyu bikina gwaggona ta ƙare mini kallo ta ce amarya kamar sillen kara, dangin miji za su ce yunwa ake yi a gidanmu. Aka sayo mini “sha ka fashe”. Na fashe kuwa. Sai daga baya na san cewa a irin ƙwayoyin nan akwai dexamethasone, mai kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini.

Bayan haihuwa huɗu gwiwa ta fara ciwo, bakin da ya ce na rame ya koma cewa, “Hajiya, a dinga rage tuwo mana.” A lokacin na ji labarin Ozempic.

Maganin ba na banza ba ne, kada ku ji na ce haka. Kamfanin Novo Nordisk na Denmark ke yin sa, Amurka ta amince da shi a 2017 don masu ciwon sukari, a 2021 kuma aka fito da Wegovy, sinadari ɗaya ne amma don ƙiba. Allura ce sau ɗaya a mako. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke saki bayan an ci abinci, sai ƙwaƙwalwa ta ji an ƙoshi, abincin kuma ya daɗe a ciki. An ma gano yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 20 cikin ɗari ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya.

Laifin nawa ne. Kunya ta hana ni zuwa asibiti, don na ji yadda ake zagin masu yin allurar a gidan biki: ragwaye ne, sun kasa kame baki. Sai na saya a hannun wata mai talla a WhatsApp, ba gwajin jini, ba komai. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin jabunsa da aka kama a Brazil da Birtaniya da Amurka, to ina ga abin da aka aiko mini a leda ta hannun ɗan acaɓa? Na tura shi can bayan robar kullun koko a firji, ko maigida bai sani ba. Idan aka ɗauke wuta kwana biyu, sai dai in yi shiru.

Ƙa'ida a fara da kaɗan, a ƙara bayan mako huɗu. Ni anko nake so ya shige ni, na ninka a mako na biyu. Ranar walima loma uku na waina na yi, na ƙare a banɗakin mutane ina amai har da hawaye. Sai cushewar ciki, sai kasala, hawa bene ya zama aiki, don ba kitse kaɗai ke zubewa ba, har da tsoka. Wake, ƙwai da kifi ya kamata in riƙe, ni kuwa shayi kawai nake kurɓa.

Na rame, kun san me aka ce? “Lafiya kuwa? Ko Alhaji ne zai ƙaro aure?” Wata ma ta ja ni gefe ta ce in je a gwada jinina.

Kuɗi suka ƙare na daina. Bincike ya nuna masu dainawa kan mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda, ni ma haka ta faru da ni.

Da na je wurin likita a ƙarshe, tambayarta ta farko ita ce ko ina neman ƙarin haihuwa, don ana daina allurar wata biyu kafin ɗaukar ciki. Ta tambayi tarihin ciwon dajin thyroid (wata halitta da ke gaban maƙogwaro) a danginmu, ta duba matsarmama. Mai WhatsApp ɗin nan, lambar asusu kawai ta turo mini.