Ɗan C-Watch, soja da doka: wa ke ba da umarni, wa ke ɗaukar laifi?

Tun watan Oktoban 2023 da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rukunin farko na dakarun tsaron al'umma na jihar Katsina da ake kira C-Watch, mutum 1,466 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, mutane da yawa a ƙauyuka ke kallon ɗan C-Watch a matsayin sojan jiha. Yana da kaki, yana da bindiga, yana shiga dajin Rugu tare da sojoji. Amma a wurin doka farar hula ne da jiha ta ɗauka aiki. Wannan tazara tsakanin aikin da yake yi da matsayin da doka ta ba shi ita ce tushen yawancin matsalolin da ke tasowa, kuma kan yaron da ke fagen daga suke faɗowa.

Tsarin mulkin 1999 bai bar wa jiha ƙofa mai faɗi ba. Sashe na 214 ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba banda ta tarayya. Sashe na 217 da na 218 sun sa sojoji ƙarƙashin shugaban ƙasa, kuma shi ke kiran su idan ana so su taimaka wa hukumomin farar hula. Makamai da harsasai da abubuwan fashewa, tsaron ƙasa, soja da 'yan sanda duk suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ko kwamishinan 'yan sandan jiha, sashe na 215 ya ba shi damar cewa a kai umarnin gwamna wurin shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Abin da majalisar jiha ke iya yi shi ne ta kafa hukumar da ke taimaka wa jami'an tsaro: sintiri, tattara bayanai, tsare gari, kama mai laifi a miƙa shi. Ta wannan ƙofar Amotekun, rundunar tsaron jihohin Yarbawa, ta bi a 2020 bayan Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce an kafa ta ba bisa ƙa'ida ba; jihohin suka koma majalisunsu aka yi mata dokoki. Ita ce kuma ƙofar da Katsina ta bi, Zamfara ta biyo da askarawanta a Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa nata.

Maganar bindiga ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu: bindigogin yaƙi irin AK-47, masu jigida, ƙananan bindigogin hannu, gurneti da roka. Waɗannan shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izinin riƙe su. Akwai bindigogin farauta masu baki ɗaya ko baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Babu inda sunan gwamna ya fito a matsayin mai ba da izinin bindigar yaƙi. Shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ma ya nemi a ba dakarunsa izinin AK-47 a shekarar, bai samu ba.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan rundunar jiha a bayyane yake. Idan aka yi artabu ya tsinci AK-47 a hannun ɗan bindigar da aka kashe, ya ajiye ta a gida da niyyar kare garinsu, ya faɗa laifin da hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba, kuma kakinsa ba zai cece shi ba. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta lambar bindigar, yawan harsashin da ke cikinta, wuri da lokacin da aka same ta, a miƙa ta ga kwamandan sojan da ke jagorantar aikin ko ga DPO, a karɓi shaida a rubuce. Na san amsar da ake bayarwa a ƙauye, kuma amsa ce mai nauyi: bindigar farauta ba ta da tasiri sosai bayan mita 40 zuwa 50, AK-47 kuwa tana kaiwa mita 300 da harsashi 30 a gida ɗaya. Wanda ke riƙe da ta farko a fili, an gama da shi tun kafin ya kai inda harbinsa zai yi amfani. Don haka tura waɗannan samari su kaɗai su fuskanci dabar 'yan bindiga a buɗaɗɗen wuri ganganci ne da rayukansu. Inda suke da rinjaye shi ne bakin gari, mashigar rafi, hanyar shanu, da nuna wa soja hanya, domin su suka san wace burtali ke fita ina, wace fadama ce mota ba ta wucewa da damina.

A aikin haɗin gwiwa, umarni na hannun jami'in soja. Birged ta 17 da ke Katsina da rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma, wadda ta gaji Hadarin Daji wajen yaƙi da 'yan bindiga, suna karɓar umarni daga hedikwatarsu ne, kuma gidan gwamnati ba ya cikin wannan layin. Ɗan rundunar jiha kuwa albashinsa da horonsa da hukuncinsa na hannun jiha. Ke nan mutum ɗaya, iyayengiji biyu. Kafin a fita, akwai abubuwan da bai kamata a bar su a baki ba: sunan wanda ke jagoranta, sunayen duk waɗanda suka fita da adadin baburansu, hanyar da za a bi da inda za a haɗu idan an watse, tashar oba-oba da kowa zai tsaya a kai, da alamar da za a gane juna da ita da dare. Dogaro da wayar salula kuskure ne. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumban 2021, kuma ko ba a rufe ba, sabis ba ya kaiwa cikin daji.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne jirgin sama. Daga sama, gungun mutane a kan babura da bindigogi a kafaɗa duk kamarsu ɗaya. A Janairun 2025 a Tungar Kara ta jihar Zamfara, harin jirgin yaƙi ya faɗa kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun 'yan bindiga. Yadda irin wannan ke faruwa kusan salo ɗaya ne: 'yan bindiga su kai hari, wani ya kira soja, soja ya kira jirgi, su kuma mutanen gari su tashi bin sawu ba tare da sanar da kowa ba. Ƙa'idar da ya kamata kowane kwamandan ƙaramar hukuma ya riƙe da ƙarfi ita ce, da zarar an nemi jirgi, babu wanda zai wuce iyakar gari sai sojan da ke magana da jirgin ya san inda suke da yawansu.

Sai ma'ajiyar makamai, wadda ake rainawa. Bindigar gwamnati ba ta kwana a ɗakin mutum. A littafin ma'ajiya ana rubuta lambar bindiga, sunan wanda ya ɗauka, harsashi nawa ya fita da shi, nawa ya dawo da shi, da sa hannun mutum biyu. Idan ya fita da 20 ya dawo da 12, sai ya faɗi inda takwas suka tafi a ranar, kafin zance ya yi sanyi. Inda aka yi sakaci da wannan littafi, ta nan harsashi ke zurarewa kasuwa, ƙarshe ya koma hannun waɗanda ake yaƙa. Da damina kuma danshi na lalata harsashin bindigar farauta da albarushi, don haka a ɗora akwatuna a kan katako, nesa da bango, a riƙa fitar da tsoho kafin sabo.

Kama mutum shi ne inda aka fi shiga uku. Doka ta ba ko farar hula damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da babban laifi, amma da sharaɗin miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa duka da ɗauri don a tilasta wa mutum amsa laifi ya zama laifi mai zaman kansa, kuma “oga ne ya sa ni” ba hujja ba ce a ƙarƙashinta. Haka kama uba ko mata a madadin wanda ake nema haramun ne a doka. Sashe na 33 ya halatta amfani da ƙarfi don kare rai da dukiya gwargwadon buƙata, amma wanda aka riga aka ɗaure ba barazana ba ne. Harbe shi kisan kai ne, kuma kotun farar hula ce za ta saurari shari'ar da dokar laifuka ta jiha. A aikace ma duka asara ce. Infoman 'yan bindiga da aka lakaɗa wa duka ya amsa, lauyansa zai nemi kotu ta yi watsi da furucin, ya fito ya dawo garin da ƙullin gaba.

Kowa a yankin nan ya san yadda 'yan sa-kai na farko suka riƙa tare Fulani a kasuwa suna yanke musu hukunci da hannunsu, da yadda ramuwar gayya ta cinye garuruwa. Abin da zai hana rundunar jiha komawa wannan turba shi ne wa aka ɗauka. Shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi tana da amfani, amma a haɗa da binciken 'yan sanda da na DSS da gwajin ƙwaya, a kuma maimaita gwajin bayan an fara aiki. A sa 'ya'yan rugage a ciki, domin rundunar da ƙabila ɗaya ta cika, ɗaya ɓangaren zai ɗauke ta abokiyar gaba. Kada a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba ko don aike. 'Yan kato-da-gora na Borno sai da suka sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 kan sallamar yara daga cikinsu. Sashe na 227 kuma ya hana horar da mutane ko ba su kayan aiki don a yi amfani da ƙarfi wajen cimma manufar siyasa, don haka ranar zaɓe ko taron jam'iyya ba wurin aikin wannan runduna ba ne.

Ana ta maganar 'yan sandan jiha. Hakan na buƙatar gyaran tsarin mulki da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Ko da an yi, ba zai mayar da ɗan C-Watch soja ba. Ba shi da lambar soja, ba ya cikin fanshon soja, kuma idan ya rasu a fagen daga, abin da iyalinsa za su samu ya dogara ne kan abin da jiha ta tanada. Duk wanda zai shiga, ko uban da ɗansa zai shiga, ya nemi a nuna masa a rubuce nawa ne diyyar rauni, nawa ne na mutuwa, wane asibiti ake kai wanda aka harba, wa ke biyan kuɗin, da kuma ko jiha za ta tsaya masa da lauya idan aka kai shi kotu kan abin da ya faru a bakin aiki.