In'inar wasa a kwamfuta: abin da aikin gyara a Damagaram ya koya mana

Mai kwamfuta yakan shigo shago da hukunci a bakinsa: "Malam, katin hoto ne ya tsufa, a samo mini wani." Darasin farko da wannan sana'a ke koya wa mutum shi ne kada ya yarda da wannan magana sai ya auna. Wasan da ke tafiya a hankali daban, wasan da ke gudu sumul sai ya cije na ɗan ƙiftawar ido ya sake ɓallewa daban. Na biyun nan shi muke kira in'ina, kuma sau da yawa sabon kati ba ya warkar da ita.

Idan allo na nuna hotuna 60 a sakan, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kafin na bayansa ya iso. Hoto ɗaya ya makara ya ci milisakan 80, ido zai gani, hannu zai ji, amma lambar da ke ƙirga hotuna a sakan a kusurwar allo tana nan wajen 56. Shi ya sa ake sa manhajojin MSI Afterburner da RivaTuner, a kunna layin da ke zana lokacin kowane hoto. Layin ya miƙe, lafiya lau. Ya riƙa tsiro da ƙayoyi, ga ciwon. A gefe a buɗe HWiNFO64 don ganin zafi da saurin firosesa, a buga wasa rabin awa, ba minti biyar ba.

Rabin awar nan tana da dalili. A garin nan zafi ne babban wanda ake tuhuma, kuma ba ya nuna kansa da wuri. Wasa ya fara lafiya, sai bayan minti goma sha biyar ko ashirin ya soma tuntuɓe. Yawancin firosesar Intel na rage gudu da kanta idan ta kusa digiri 100, na AMD tsakanin 90 da 95 gwargwadon samfuri, katunan Nvidia da yawa kuma suna ja da baya wajen 83. Na'urar da aka gwada a ɗaki mai digiri 25, idan aka ajiye ta a ɗakin kwano a Sabon Gari cikin watan Afrilu, iskar da take shaƙa ta haura 40, to wannan ratar ta digiri 15 kusan duka kan firosesa take sauka. Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta shige tsakanin haƙoran ƙarfen sanyayawa tun Disamba, ta dunƙule kamar audugar katifa. Gwajin ba ya cin ko dala: a cire murfin gefe, a juyo da fankar tsaye tana hura ciki. In'ina ta ja baya, an kama ɓarawo.

Wajen share ƙurar ne mutane ke ɓarna. Wasu na ɗaukar kwamfuta zuwa wurin mai faci a busa mata iskar taya. Iskar nan tana da ƙarfi fiye da kima, wani lokaci da danshi a cikinta, kuma idan ta juya ƙaramar fanka da gudun da ba a ƙera ta don shi ba, sai ta dawo tana kuka. A zare wayar kuran, a danne fanka da yatsa, a yi amfani da ƙaramin mabushi da buroshi mai laushi. Sannan a ɗaga abin sanyayawa a duba man da ke tsakaninsa da firosesa. Idan ya bushe yana farfashewa kamar tsohon yaɓe, a goge da alkol mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure kusoshi huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan. Yawan man ba ya ƙara sanyi, ƙazanta kawai yake ƙarawa. Kwamfutar kuma a ɗauke ta daga ƙasa. Tsayin benci kaɗai yana rage abin da take haɗiya.

Idan zafi ya fita daga zargi, sai ma'adana. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa na ofis ne, irin su Dell OptiPlex, aka liƙa musu GTX 1050 Ti ko 1650 don katunan ba sa wuce wat 75. Sukan zo da RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, guda ɗaya mai giga 8 da tsohon faifai mai juyawa. RAM ta cika, Windows ya koma aro daga faifan da ba ya wuce mega 150 a sakan, sai wasa ya cije duk lokacin da aka shiga sabuwar unguwa a cikinsa. Alamar a bayyane take: faifai ya tsaya a kashi 100 cikin Task Manager daidai lokacin cijewar. SSD, faifan da ba ya juyawa, ko da na SATA ne yana kai wa 550. RAM kuma a yi ta biyu iri ɗaya, 8 da 8. A babban allon cikin kwamfuta da ke da ramukan RAM huɗu yawanci na biyu da na huɗu ne daga firosesa, a kwamfutar ofis kuwa a bi launin maƙallan. Katin mai giga 4 shi ma yana da iyakarsa: a sauke ingancin zanen jikin abubuwa mataki ɗaya kafin a taɓa komai.

Akwai in'inar da ba ta buƙatar sukuddireba. Wasannin DirectX 12 da yawa suna harhaɗa bayanan haske da inuwa a karon farko, ko bayan an sabunta direban kati, wato manhajar da ke tafiyar da shi, sai su yi ta tuntuɓe na ɗan lokaci su daina. Idan direban ne ya rikice, a cire shi da manhajar DDU cikin Safe Mode na Windows a sa sabo. A rufe Chrome da OneDrive, a dakatar da Windows Update. Allo mai hats 60 kuma a ƙayyade masa wasa a 60 cikin RivaTuner: 60 tsayayye ya fi daɗin hannu a kan wanda ke tsalle tsakanin 45 da 90.

Abu biyu ake ɗora wa laifi ba bisa ƙa'ida ba. Kuran mai hawa da sauka yakan kashe kwamfuta ko ya sa ta tashi da kanta, ba kasafai yake kawo in'ina ba. Ondilar, akwatin batirin da ke riƙe kuran, tana kare kaya, amma ba za ta miƙe layin nan ba. Shi kuwa rezo, idan ƴan ƙwallo na ɓacewa su bayyana a wani wuri alhali layin lokacin hoto a miƙe yake, a buga wasa ɗaya da kwamfuta ba tare da intanet ba. Ya tafi sumul, to a bar sukuddireba a aljihu, a ja waya daga akwatin intanet zuwa kwamfuta maimakon wayfai.