Mai Kaɗai Ba Ya Hana Bututun Bindiga Tsatsa

Masu riƙe da bindiga da yawa sun ɗauka cewa muddin suka zuba mai a cikin bututu bayan harbi, to sun gama da maganar tsatsa. A ganina wannan zato ya lalata bututu fiye da yawan harbi, domin dattin da ke maƙalewa a ciki iri-iri ne, kuma kowanne da abin da ke narkar da shi. Akwai baƙar tokar albarushi, akwai jan ƙarfen da ke gogewa daga jikin harsashi yayin da yake murɗawa cikin zanen da aka sassaƙa a bututun, akwai dalma, sannan akwai gishiri, wanda shi ne mafi illa ko da yake ido ba ya ganinsa.

Asalin wannan gishiri shi ne ɗan ƙoƙon da ke gindin harsashi, wanda ke tayar da wuta idan an buge shi. A tsofaffin harsasan soja ana sanya masa wani sinadari da ke barin gishirin potassium chloride bayan ya ƙone, shi kuwa wannan gishiri yana janyo laima daga iska ya ajiye ta a jikin ƙarfe. Wani masani mai suna Wilbert Huff, na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, ya bayyana a 1922 cewa wannan ne dalilin da ya sa bututu ke tsatsa a ƙarƙashin mai, domin mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Maganinsa ruwa ne, musamman mai zafi, a zuba ta cikin bututun har ya fito fes, zafin kuma ya taimaka wajen busar da ƙarfen, sannan a shafa mai. Haka ake yi wa bindigar da ke aiki da baƙin albarushi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta, domin tokarsa ma tana shan laima, kuma a wuri mai danshi kwana ɗaya ya isa a ga jan tabo.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, a kuma kawar da sauran harsasan daga wurin aikin. A buɗe taga, a sa safar hannu, saboda warin sinadaran yana da ƙarfi, dalma kuma guba ce.

Tokar albarushin zamani ba ta da wuyar fita. Ana jiƙa ɗan ƙyalle da sinadarin wanki, irin Hoppe's No. 9 da aka fara yi a Amurka tun 1903, a tura shi da siririyar sanda daga gindin bututu zuwa baki, a bar sinadarin ya jiƙa dattin na ɗan lokaci, sannan a bi da buroshi. Dalilin farawa daga gindi shi ne kare leɓen bakin bututu, wurin da harsashi ke rabuwa da bindiga, domin idan sanda ta cinye gefe ɗaya na wannan leɓe, iskar da ke biyo harsashi za ta fita a karkace, saiti kuma ya lalace. Kada a juya buroshi a tsakiyar bututu, sai ya fita gaba ɗaya kafin a janyo shi.

Jan ƙarfe kuwa sai sinadari mai ammoniya, kuma alamar yana aiki ita ce ƙyallen ya fito da launin shuɗi. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a nan: buroshin tagulla shi ma yana narkewa cikin wannan sinadari, saboda haka mutum zai yi ta ganin shuɗi yana ta wanki alhali bututun ya riga ya tsarkaka. Gara a yi amfani da buroshin roba a wannan mataki. Masu ƙarfi daga cikin waɗannan sinadarai ba a barinsu su wuce kimanin minti 15 a ciki, ba a kuma gauraya iri biyu. Ni dai ba na goyon bayan kankare jan ƙarfe bayan kowane harbi, sai an ga saiti ya fara warwatsewa, domin yawan dirza ma yana cin bututu.

Bayan an busar da bututu ƙayau, sai a tura ƙyalle mai ɗan mai kaɗan, gwargwadon yadda ƙarfen zai yi sheƙi ba tare da ɗiga ba. Idan za a sake harbi, dole a fara goge wannan mai da busasshen ƙyalle, saboda mai da ya taru a bututu yana ƙara matsin iska fiye da kima. A wajen ajiya, jakar fata da akwati mai soso suna riƙe danshi, gumin yatsa kuma yana barin tabo a jikin ƙarfe, don haka a goge waje da tsumma mai mai kafin a ajiye. Bindigar da aka shigo da ita daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi tana yin raɓa, sai a bari ta ɗumama a goge ta tukuna. Na fi son a jingine ta baki ƙasa, domin kada man ya gangara ya jiƙa katakon ƙota ya tausasa shi, a kuma leƙa cikin bututun da fitila lokaci-lokaci, musamman bayan kwana biyu ko uku da yin amfani da tsofaffin harsasai.